Sai An Kunna Waya

A gidan Yayata akwai wata doka da ban taɓa jin irinta a gidan kowa ba: ba a gaya mata labarin farin ciki sai an kunna waya. Ko kyanwar gidan ce ta haihu, sai dai ka danne bakinka, ka je ka nemo Darakta tukuna.

Darakta ɗanta ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, muka bi shi da shi don tsokana, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce. Matarsa ce mai riƙe fitila, irin mai zagayen nan da in aka haska maka sai ka yini kana ganin zobe a bango. Ni kuwa ƙanwar Yaya ce, tela. Kekena yana cikin shagonta na yadi da ke ƙofar gida, ita ta sayar, ni in ɗinka. Shekara goma sha tara muna haka gefe da gefe, don haka abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, gani na yi.

Yaya dai Allah ya ba ta dariya. Takan fara da shiru, kafaɗunta na rawa, sai ta saki wata ƙara kamar ƙofar ƙarfe da ta shekara ba a ɗiga mata mai ba, ta dafe ciki tana cewa, "Ku bar ni, zan mutu!" In ta fara, ko da fushi ka shigo shagon sai ka fita kana share hawaye. Wata rana kujerar roba ta baje da ita a tsakiyar shago, ƙafafu sama, tef ɗin awo a wuya, ta kama dariya a nan ƙasan. Darakta yana gwada sabuwar wayarsa, ya ɗauka, ya ɗora a intanet. Kwana uku tsakani duniya ta san Mama Dariya.

Wallahi da farko mun sha daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Mota sai ta tsaya a ƙofar shago, mata su fito a guje su rungume ta. Masu sabulu da man shafawa suka riƙa aiko katan-katan don ta yi musu talla. Yaya ta riƙa leƙa waya tana cewa, "Ke, wai ni ce wannan? Dubi ɗankwalina a karkace, ba wanda zai gaya mini!" Ni ma ban bar rabona ba. Duk rigar da na gama sai in rataye ta daidai bayan kanta, don ta fito a bidiyo. Ina faɗar wannan ne don kada ku ɗauka hannuna a wanke yake.

Matsalar dariya ita ce ba famfo ba ce da za ka murɗa ta zubo. In Darakta ya ce, "Mama, maimaita," ta biyun ba ta kai ta farko, ta ukun kuwa kamar tari. Masu kallo suka fara rubutawa a ƙasa cewa wannan ta ƙarya ce. Sai ya tara mu a tsakar gida, ya harɗe hannu a baya kamar shugaban makaranta.

"Daga yau duk wanda ya ji abin daɗi ya adana shi," in ji shi. "Masu kallo suna gane ta gaske. Fuskar farko muke so."

Na ce, "To in abin baƙin ciki ne fa?"

"Wannan kya iya gaya mata, Inna. Ba ya tafiya a intanet."

Muka yi dariya, har da Yaya. Mun ɗauka shirme ne na kwana biyu.

Ashe doka ce ta zauna. Ɗan kunnen Yaya na zinare da ya ɓace aka tsinta a ƙarƙashin gado, ya kwana biyu a aljihun Darakta saboda ana ruwa, haske bai yi kyau ba. Aminiyarta ta ƙuruciya, wadda rabonsu da haɗuwa shekara ashirin, ta zo daga nesa. Aka ajiye baiwar Allah a mota tana gumi kusan awa guda, wai fitila ba ta da caji. Da aka shigo da ita ƙafarta ta sage, ta shigo tana ɗingishi, Darakta yana ta raɗa, "Buɗe hannu, buɗe hannu!"

To, labarin daɗi ba kullum yake zuwa gida ɗaya ba, wayar kuwa kullum tana son ci. Da na gaskiya ya ƙare sai aka koma ƙirƙira. Macijin roba a cikin naɗin yadi. Gishiri a shayi. Aka ce mata ta ci kyautar firji, har ta share masa wuri a ɗaki, sannan aka shigo da kwali babu komai a ciki. Kowane lokaci Darakta zai ɓullo daga bayan labule yana ihu, "Wasa ne, Mama!" Ita kuma ta yi dariya, don uwa ce, kuma wayar tana kallonta.

Wata safiya muna buɗe shago ta ce mini, "Wai haƙorana sun yi muni haka?"

"Wa ya ce?"

"Wani ne ya rubuta. Wata kuma ta ce tsohuwa ba kunya, maimakon in riƙe carbi."

Mutum dubu sun yabe ta, amma waɗannan biyun ne suka bi ta har gado. Daga ranar ta fara rufe baki da hannu in za ta yi dariya. Darakta ya ga hannun yana ɓata masa hoto, sai ya karɓe wayarta, wai don lafiyarta, kada ta riƙa karanta maganganun banza. Duk mai nemanta sai ta hannunsa. Har na yaba masa a lokacin, kun ji wautata. Ban lura cewa ya toshe ƙofar ƙarshe da labari zai iya shigo mata ba tare da izininsa ba.

Yanzu bari in gaya muku wanda ya karya ta.

Yaya tana da 'ya mace guda, Malama, tana koyarwa a wani gari mai tafiyar awa uku a mota. Shekara goma sha ɗaya da aure, ba haihuwa, ɓari uku. Ba abin da Yaya ke roƙon Allah a kai kamar wannan. Akwai wani yadi mai laushi, ruwan madara da 'yan taurari, da ta ɓoye a can saman kantar shago shekara da shekaru. Duk wanda ya taya sai ta ce an saya. Ni kaɗai na san na jikan da ba a haifa ba ne.

Ran nan da hantsi Darakta ya shigo shago yana haki. "Mama! Mama, dubi abin da Malama ta turo!" Hoton mace ne daga wuya zuwa gwiwa, da ciki ya fito sosai, cikin wata shuɗiyar riga. Ni na ɗinka wa Malama rigar nan da hannuna, na gane ɗinkin bakin hannunta. Na saki almakashi na rangaɗa guɗa. Yaya ta zube a ƙasa ta kai goshi, ta ɗago hawaye shaɓe-shaɓe, ta hau kujera da girmanta ta sauko da yadin nan mai taurari, ta rungume shi tana rawa tana dariya.

Sai ga matar Darakta ta fito daga bayan yadudduka sanye da shuɗiyar rigar, wadda Malama ta manta a gida zuwanta na ƙarshe. Ta sa hannu ta zaro matashin kai daga ƙarƙashi.

"Wasa ne, Mama!"

Yaya ta tsaya da yadi a hannu. Ta dubi matashin kan, ta dubi wayar da aka ɗora a kan sanda tsakanin yadi biyu. Sai ta yi dariya. Ta yi ta har ƙarshe, da dafe cikin da "zan mutu" ɗin, ba ta rage komai ba. Da aka kashe waya ta ninke yadin, ta mayar da shi sama, ta tambaye ni ko na ga tef ɗin awo. Yana wuyanta.

Na zage Darakta tas ranar, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce, "Haba Inna, ba ki ga ita ma ta yi dariya ba?" Malama da ta ga bidiyon ta bugo tana kuka, ya ba ta haƙuri da baki, bai sauke shi ba. Wai shi ne aka fi kallo a duk abin da ya taɓa ɗorawa.

Daga nan Yayata ta fara zama wata daban. In ta shigo shago sai ta bi kusurwa-kusurwa da ido, ta girgiza naɗin yadi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta shan shayi sai wanda ta haɗa da hannunta. Matar da ke yanka yadi biyar da ido ba tare da awo ba, sai ga ta ta ɓata wa mai saye yadi sau biyu a mako guda. Wani murmushi ya manne mata a fuska, ko ba kowa a shagon yana nan, kamar an ɗinke shi da zare. Idanunta suka faɗa saboda rashin barci. In ta shiga banɗaki sai ta yi rabin awa. Na buga ƙofa na ce ko cikinta ne.

Ta ce, "Lafiya lau. Nan ne kaɗai na tabbata ba a ɗauka."

A waje ma ba sauƙi. Mun je gaisuwar mutuwa gidan wata maƙwabciya, muna zaune an yi jugum, wata yarinya ta matso da waya ta ce, "Mama, ɗan yi mana dariyar nan mana." Kuma Yaya ta buɗe baki za ta yi! Sai da na take mata ƙafa.

Washegari na rufe keke na kai ta asibiti. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta auna jini, ta duba ido, sannan ta ajiye biro ta ce, "Mama, yaushe rabonki da dariya?"

"Yau da safe sau shida," in ji Yaya.

"Wadda ta zo da kanta nake nufi."

Yaya ta ɗaga kai tana duba saman kabad ɗin likita. Na ce mata ba komai a wurin, Yaya. Sai hawaye, murmushin kuma yana nan bai tafi ba. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne sosai kamar hawan jini, kuma yana jin magani. Ta rubuta ƙwayoyi, ta sa ranar dawowa, ta ce a raba ta da kyamara, kuma a daina razana ta.

Na kawo wannan saƙo gida, sai kowa ya zaro uzurinsa kamar an ce a fito da katin shaida.

Darakta ya ce, "Hutu? Inna, kin san yadda abin nan yake kuwa? In muka yi kwana uku ba mu sa komai ba, mabiya sun koma wajen wata. Akwai tsofaffi masu dariya da yawa yanzu."

Matarsa ta ce, "Ni da nake riƙe fitila har kafaɗata ta kumbura ban ce ina da damuwa ba. Mama zama kawai take yi."

Maƙwabciyarmu ta ce bakin mutane ne, a yi mata addu'a kawai. Wani ɗan uwa ya ce ai hassada ce ke damuna, don ni ba a san ni ba.

Darakta ya ƙara da cewa, "Kuma Mama da bakinta ba ta taɓa cewa ba ta so ba." Ya juya wajenta. "Mama, kin gaji?"

"A'a, ɗana," in ji ta, da murmushin nan.

"Kin ji ko?" Ya ɗan yi tunani, idonsa ya kawo haske. "Amma fa za mu iya yin guda ɗaya tana riƙe da maganin, mu ce a sa Mama a addu'a. Irin wannan yana tafiya."

Da ƙarfen guga a hannuna lokacin. Allah ne ya rufa masa asiri, ni ma ya rufa mini.

Abin da na iya samu shi ne aka daina macizai da gishiri. Ɗauka kam ba a daina ba, an rage zuwa sau ɗaya a rana. Haka muka ja watanni, Yaya tana shan magani da safe, tana dariyar aiki da yamma.

Wata Talata ina tsaka da sa zif a siket, wayata ta yi ƙara. Malama ce.

"Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Jikin Mama ya yi tsanani ne?"

"Da sauƙi. Me ya faru?"

Sai ta fashe da kuka. Ashe ciki ne da ita, wata bakwai. Ta ɓoye shi har ya yi ƙwari saboda tsoron abin da ya faru a baya, kuma ta yi alkawari Mama ce za ta fara ji kafin kowa, har ni. Likitanta ya hana ta tafiya mai nisa. Duk lokacin da ta kira wayar Mama, Darakta ne ke ɗagawa: Mama tana barci, Mama tana wanka. Da ta gaji ta gaya masa, sai ya ce ta rufa masa asiri ta yi shiru, likita ya ce kada a gaya wa Mama abin da zai girgiza ta. Wata biyu ke nan yarinya tana kwance tana jiran muryar uwarta.

Na tarar da shi a tsakar gida yana goge fitila. Ko musu bai yi ba, har zumuɗi yake.

"Inna, ki tsaya ki ji tsarin. Sai an haihu. Mu shigo da jaririn cikin kwando, Mama ba ta san komai ba, ta buɗe zane. Wallahi duniya sai ta tsaya! Ai alheri nake shirya mata."

Na ce, "Alherin gidanku!" Na manta gidansu gidanmu ne.

Na koma shago a fusace. Yaya tana zaune tana jera maɓallai a gwangwani. Na durƙusa a gabanta, na kama hannunta biyu.

"Yaya, Malama tana da ciki. Wata bakwai. Yanzu muka gama magana."

Ta dube ni. Ta dubi bayan kafaɗata. Sai ta gyara ɗankwali, ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen haske.

"Har da ke aka sa yau?" ta ce a hankali. "To ina aka ɓoye ta? Gaya mini in fuskance ta, mu gama da wuri."

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da matar nan, ni ce nake cuɗa mata baya tun muna yara, amma ta ɗauka ni ma 'yar wasa ce. Na rantse mata. Na kira Malama a bidiyo, ta miƙe tsaye ta nuna cikin. Yaya ta leƙa ta ce, "Wannan matashin ya fi na wancan karon zama daidai."

Na hau kujera na sauko da yadin nan mai taurari na cusa a jaka, na ja ƙofar shago na datse, na ce ta sako mayafi. A mota awa uku tana kallon bayan kujerar direba, tana neman inda aka maƙala waya. Wata fasinja ta gane ta, ta fara lalubar jaka. Kallo ɗaya na yi mata ta mayar da hannunta.

Mijin Malama makanike ne, ƙato, marar yawan magana. Ya buɗe mana ƙofa ya durƙusa ya gaishe da surukarsa. Malama tana kishingiɗe a falo, ƙafafu a kumbure. Da ganin uwarta ta yunƙura tana kiran "Mama!" Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, ta duba labule, ta duba saman talabijin, ta ɗaga wata tukunyar fure ta leƙa bayanta.

"Sannunku, kun yi ƙoƙari," ta ce. "Har da kuɗin mota. To ciro shi, 'yata, zafi ake yi."

Malama ta rufe fuska tana kuka. Ina cikin lallashi sai muka ji burki a waje, da ƙarar ƙarafa. Darakta ne da matarsa, ashe da suka ga shago a rufe suka ɗauko hayar mota suka biyo mu. Ya shigo da sanda a kafaɗa, matar tana jan igiyar fitila.

"Kun fara? Don Allah ku ce ba ku fara ba!"

"Ga shi nan," in ji Yaya, har da ajiyar zuciya. "Na san dai yana kusa."

Na wuce kicin kai tsaye, na ɗauko babbar tukunyar Malama mai murfi, na dire ta a tsakiyar falo. Na fara jefa tawa wayar a ciki. Na ce kowa ya kawo. Malama ta miƙo, mijinta ya miƙo, matar Darakta ta miƙo tana zumɓura baki. Darakta ya saka guda.

"Ɗayar," na ce.

Ya saka ta biyu.

"Ta cikin safa."

"Haba Inna!"

Makanike tsayuwa kawai ya gyara. Ta ukun ta fito daga safa. Har da wayar Yaya da ke aljihunsa na karɓa. Na rufe tukunya, makanike ya ɗauke ta ya fita da ita, ya kulle a but ɗin wata mota da yake gyara, ya dawo ya miƙa wa Yaya makullin a hannunta. Sannan ya tasa Darakta da matarsa da fitilarsu zuwa baranda, ya rufo ƙofa.

Yaya ta juya makullin a tafinta.

"Mama, zo ki zauna," in ji Malama. Ta jawo hannun uwarta ta ɗora a kan cikin. Yaya ta so janyewa, Malama ta danne. Muka jira. Ni dai a zuciyata ina cewa, kai ɗan nan, in kana da kunya ka ajiye ta yau. Minti ɗaya, biyu, ba komai. Yaya ta fara cewa, "Ai na gaya muku..."

Sai ya yi shuri. Ba ƙarami ba, har daga inda nake na ga rigar ta motsa.

Yaya ta zabura ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta mayar. Ya sake. Murmushin nan da ya yi watanni manne a fuskarta ya faɗi, fuskar ta zama ta tsohuwa mai gajiya, tata ta gaskiya. Ta dube ni.

"Ke," ta ce, "matashin kai yana shuri?"

"Sai dai in na gidan Darakta ne."

Kafaɗunta suka fara rawa.

Can na waiga wajen taga. Darakta yana tsaye ya manna fuska da ƙarfen tagar. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya laluba, ba komai. Ya laluba ɗayan. Da ya rasa abin da zai ɗaga tsakaninsa da uwarsa, dole ya kalle ta da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Da na fito ɗebo ruwa ya tare ni a baranda, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna, yaushe Mama ta rame haka?"

Na ce, "Gida ɗaya kuke kwana, kullum kana haska mata fitila. Sai yau ka gani?"

Ya zauna a kan dakali, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Kada ku ɗauka shi ke nan an warke. Yaya ta zauna wajen Malama har aka haihu, mace, mai ƙarfin ƙafa kamar yadda ta nuna tun farko, kuma ni na ɗinka mata yadin taurarin. Har yau Yaya tana shan maganinta, tana zuwa wajen likita duk wata. Wani lokacin in an shigo shago da fara'a da yawa, sai ka ga idonta ya tafi saman kantar shago. Darakta ya koma ɗaukar bidiyon masu gyaran gida da masu sayar da kujeru, yana ƙorafin cewa kujera ba ta da fuskar farko. Wancan bidiyon na matashin kai ya sauke shi, amma wasu sun riga sun kwafa, yana nan yana yawo, ba mai iya kamo shi. Dokar gidan kuma mun juya ta. Yanzu duk wanda ya ji abin daɗi da gudu zai kai mata, ko tana wanka ne ya faɗa ta bayan ƙofa.

Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne ba wanda ya daki Yaya, ba wanda ya hana ta abinci. Da haka aka yi, da unguwa ta taru a ƙofar gida. Ɗan da ta haifa ne ya mayar da murnarta kayan shago, mu muka riƙe masa fitila, ku kuma kuka yi ta dannawa kuna turawa 'yan uwa kuna cewa tsohuwar nan ba ta da damuwa. Har yanzu wasu suna tsayawa a ƙofar shago su tambaye ni ina Mama Dariya ta shiga. Nakan ce tana ciki, tana awo, in yadi kuke so bismillah.

Na san abin da kuke jira. Kuna so in gaya muku yadda dariyar ranar ta kasance, bayan kafaɗunta sun fara rawa: ko ta yi ƙarar nan, ko ta dafe ciki, ko ta ce za ta mutu. A hanyarmu ta fita daga falon ranar ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Da gaske ba wanda ya ɗauka?" Na ce ko mutum ɗaya. Ta ce, "To wannan tawa ce."

Don haka ku yi haƙuri. Ku ma ba zan ba ku ba.